Taro-Taro Har Bakin Teku: Kwana Shida a Akara

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni a darena na farko, kuma sai da na yi ɗan jim a kan katifa kafin na tuna ba a Fagge nake ba. Ladanai uku ko huɗu ke kira a lokaci guda daga masallatan da ke cushe a lungunan Nima, ga shuɗawar takalman masu zuwa jam'i, ga wata mata a bayan taga tana faɗa wa yaro da Hausa ya tashi ya ɗebo ruwa. Iska ce ta tuna mini inda nake. Iska ce mai nauyi da danshi, tana manne wa fata kamar an shafa mai. Teku na can kudu, ba a hango shi daga unguwar, amma gumin da ke keto wa mutum tun rana ba ta fito ba saƙonsa ne.

Mai masaukina dattijo ne da ya haura saba'in. A nan aka haife shi. Kakansa fatake ya biyo daga ƙasar Kano zuwa Gwanja neman goro, ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kumasi, ɗansa kuma, wato mahaifin dattijon, ya gangaro bakin ruwa. Dattijon ba ya cewa Akara, Ankara yake cewa, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran garin tun kafin mu san akwai wata Ankarar a Turkiyya. Da muka fito daga masallaci ya ja ni gindin wata rumfa inda wata Hajiya ke zaune a bayan babbar tukunyar da aka lulluɓe da leda da zane don kada ta huce. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da ɗan yaji, ga ƙosai yana fitowa daga mai. A layin masu saye akwai ma'aikacin banki da rigarsa a goge, akwai 'yan makaranta, akwai wata mata da sarƙar gicciye a wuya. Duk Gana, kowane yare mutum yake ji, sunan wannan abin sha "Hausa koko", ƙosai kuma "kose". Haka wake da shinkafa ya zama "waakye", funkaso ya zama "pinkaso", tuwon zafi ya tsaya da sunansa.

"Baba, wannan Hajiyar 'yar ina ce?" na tambaya.

"Ɗana, a nan ba a tambayar haka," in ji shi. "Ɗan zango ne, shi ke nan."

Ya ce "ɗan zango ne" alhali mace yake nufi, kuma ba kuskure ya yi ba. Hausar Gana ta sauke bambancin namiji da mace, za ka ji an ce "yarinya ya tafi kasuwa", ƙa ta koma ka, ɗa ta koma da. Na sha jin mutanenmu suna yi wa wannan Hausar dariya, ni kuwa girmama ta na dawo ina yi. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, Badagombe da Bazabarme da Bamoshe da Bafillace da Bayarabe da mutumin Kotokoli, kowa da harshen uwarsa a ɗaki, amma da Hausar nan suke ciniki, da ita suke aure, da ita suke sulhu, da ita liman yake fassara huɗuba. Aikin da take yi a nan ya fi wanda take yi a garuruwa da yawa na gida.

Da na ce zan kira tasi ta waya in shiga gari, sai dattijon ya girgiza kai. Ya ce wanda bai shiga trotro ba bai zo Ankara ba, ya haɗa ni da wani jikansa ya zama ɗan rakiyata.

Trotro ƙaramar bas ce ta haya, yawanci tsohuwar Sprinter ko Nissan da ta gama aikin dakon kaya a Turai aka kawo ta, aka yanka mata tagogi, maƙeri ya ƙera mata kujeru. Sunan ya fito ne daga "tro", kalmar mutanen Ga, 'yan asalin garin, ta kwabo uku, kuɗin mota a zamanin Turawa. Da aka gaya mini haka sai na tuna kakata da lissafinta na sisi da taro. Ashe taron nan namu ne, kuɗi ɗaya ne ya yi yawo daga bakin teku har Kano. Taro ya mutu tun tuni, sidi ake kashewa yanzu, amma sunansa na nan yana ɗaukar mafi yawan mutanen yankin da ƙidayar 2021 ta ce sun haura miliyan biyar, safe da yamma.

Babu lamba a jikin motar, babu taswira a tasha, babu jadawalin lokaci. Abin da ke akwai shi ne yaron mota, wanda suke kira "met". Namu na ranar farko bai fi shekara goma sha takwas ba, siriri, da silifas, rabin jikinsa a waje yana riƙe da ƙofa. Bakinsa na kiran "Sak-Sak-Sakul!", hannunsa kuma na yin abin da bakin ke faɗa: yatsa yana zana da'ira a iska, alamar motar shataletalen Kwame Nkrumah za ta. Mai zuwa tsakiyar gari yatsa yake ɗagawa sama. Fasinjan da ke bakin titi shi ma da hannu yake amsawa, tun daga nesa an gama magana, direba ya san ko ya taka burki ko ya wuce.

Na zauna a layi na uku na zuba wa yaron nan ido. Ba ya karɓar kuɗi sai mota ta yi nisa. Takardun kuɗin a ninke suke a tsaye tsakanin yatsunsa, kowane gurbi da irin nasa, tsabar kuwa a tafin hannu yana karkaɗa su. Zai ɗaga gira ga layin gaba, kuɗi su taho, sannan na biyu, sannan na baya, inda kuɗin ke bin hannu huɗu ko biyar kafin su iso. Ban ga wanda ya ƙirga abin da ya miƙa wa maƙwabcinsa ba. Na ba shi sidi ashirin, ya karɓa bai ce komai ba. Muka wuce tasha biyu, mutane suka sauka, wasu suka hau, ya yi gardama da wani mai buhu, ya buga jikin mota sau biyu direba ya tsaya, ya buga sau ɗaya aka tashi. Har na fara tunanin ya manta, sai na ji an taɓa kafaɗata daga gaba: canjina ne, cif, bai rage ko kwabo ba. Mutum kusan ashirin ne a motar, kowa da inda ya hau da inda zai sauka da abin da ya bayar, kuma duk lissafin a kan yaron nan yake, babu biro babu takarda, cikin hayaƙi da ƙarar hon, daga asuba har bayan isha'i. Da a wani ofis yake wannan aikin da an ce masa akanta.

Akwai ladabin mota da ba wanda ya koya mini, gani na yi. In na can ƙurya zai sauka, duk waɗanda ke kan kujerun ninkewa sai sun fito sun tsaya a titi, ya fice, su koma, ba tsaki. Mace mai goyo da kaya in ta shigo, wanda ya fi kusa zai karɓi yaron ya ɗora a cinya. Tsoho in ya zo, ana gyara masa gaba. Wani lokaci mai wa'azin Kirista zai miƙe a sunkuye ya yi addu'ar a sauka lafiya, motar ta amsa da amin, har da Hajiyar da ke gefena. Ba zan ce trotro daɗi ne da ita ba. Gwiwa na dukan ƙarfe, wasu tayoyin sun suɗe, wata ƙofar da igiya aka ɗaure ta, kuma a tasha mota ba ta tashi sai ta cika ko da za a yi awa guda. Amma tsari ne da talakawa suka gina wa kansu, ƙungiyar direbobi ta GPRTU ke riƙe da tashoshi da layin lodi, kuma yana kai mutum kowane lungu. A 2016 gwamnati ta kawo manyan bas-bas na Aayalolo masu biya da kati, daga Amasaman zuwa Tudu. Da yake ba a ware musu hanyarsu ta kansu a mafi yawan titin ba, sai suka shiga cunkoso ɗaya da kowa, jama'a kuma suka ci gaba da ɗaga wa yaron mota hannu.

Sakul ɗin ba shataletale ba ne yanzu. Gadar sama ce mai hawa-hawa da aka buɗe a 2016, da gunkin Nkrumah da ruwa mai tsiri da fitilu, har mutane suka laƙaba mata Dubai. A ƙarƙashinta ba masaka tsinke: masu wayoyin hannu sabbi da na hannu, masu gyaran takalmi, masu ruwan leda a kai, motocin Kumasi da na Tamale suna lodi. Ɗan rakiyata ya nuna mini wani fili kusa da magudanar Odaw ya yi shiru. A nan ne, daren 3 ga Yuni 2015, ruwan sama ya cika gari, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu, da yawansu masu jiran motar komawa gida ne. Ya ce har yau in hadari ya haɗo da yamma, za ka ga mutane suna sauri su bar Sakul. Na leƙa magudanar, cike take da leda da gorunan roba.

Daga nan muka shiga cikin gari. Sunayen unguwannin tsohuwar kasuwa ba sa buƙatar tafinta ga Bahaushe: ga Tudu, ga layin Zango, ga kasuwar Salaga can ƙasa. Makola kuwa daular mata ce. An gina ta a 1924, sojojin Rawlings suka rushe ta a 1979 bisa zargin matan da ɓoye kaya, amma kasuwar ba ta mutu ba, sai ta malala ta cinye titunan da ke kewaye. Matan na zaune a ƙarƙashin manyan malafuna masu faɗin faifai, a gabansu atamfofi, tumatir, busasshen kifi, kaguwa mai rai tana motsi a kwando, katantanwa kamar dunƙulen hannu.

Abin da ya tsaya mini a rai a Makola shi ne 'yan matan dako. "Kayayei" ake ce musu, rabin sunan namu ne, kaya, rabin kuma kalmar Ga ce ta mata. Daga arewacin ƙasar suke zuwa, Dagomba da Mamprusi da maƙwabtansu, wasu ba su kai sha biyar ba. Kowacce da babban daro na ƙarfe da gammo. Na ga wata an ɗora mata buhun shinkafa da jarkar mai da doya, mutum biyu suka ɗaga mata, wuyanta ya yi rawa kafin ya tsaya, ga jariri a bayanta yana barci. Mai kayan na gaba da 'yar jakarta, ita tana biye tana cewa "ago, ago" a ba ta hanya. Da rana ta take, sai ka gan su a inuwar shaguna, kowacce ta shige cikin daronta ta lanƙwashe tana barci. Na yi wa wata sannu da Hausa, ta ɗago da mamaki ta amsa, "Lafiya lau, Baba." Da dare da yawansu a bakin shagunan nan suke kwana, ko su haɗu goma a ɗakin katako ɗaya a Agbogbloshie. Ban daɗe a wurin ba, don na rasa inda zan sa idona.

Ranar Talata na sauka Jamestown, kuma sa'a na yi. Masuntan Ga ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, don haka duk jiragen suna gida. Na hau hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai zanen ja da fari, tsayinta mita 28, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta 1871. Daga sama garin ya shimfiɗu: rufin kwano mai tsatsa iyakar gani, hayaƙin masu banda kifi, kurkukun James Fort da Ingilishi suka gina a 1673 a gefe, na Ussher da mutanen Holan suka riga su ginawa a 1649 can gaba kaɗan. Daga waɗannan ganuwoyi aka yi ta loda bayi. A James Fort ɗin ne kuma Turawa suka kulle Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen Fabrairun 1951, suka buɗe masa ƙofa ya fito ya kama ragamar gwamnati. Mutumin tudu irina, abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne ruwan kansa, yadda ba shi da ɗaya gaɓar.

A ƙasa, maza na zaune a inuwar jirage suna ɗinkin taru, babban yatsan ƙafa ya riƙe gefe ɗaya, hannu na kai da kawo da allura. Kwale-kwalen nasu ba irin na Yawuri ba ne. Gindinsa gungume ɗaya ne na itacen wawa da ake sassaƙowa daga dazuzzukan cikin ƙasa, a ɗora masa katakai a gefe, a maƙala inji a baya, wani ya ɗauki mutum goma sha biyar da taru. Kuma babu wanda aka bari haka nan ba ado. Na tsaya wajen wani mai fenti da ke sabunta jikin wani jirgi. Gwangwanaye huɗu ne a gabansa, ja da rawaya da shuɗi da fari, buroshinsa ya cinye har ya kusa ƙarewa. Ba ya zana layi da alli tukuna, hannu kawai yake ja, harafi ya fito a miƙe a kan katakon da ke lanƙwashe. Ya yi tauraro, ya yi takobi biyu a gicciye, ya yi hannu riƙe da mabuɗi, ya rubuta lambar wata aya ta Baibul. Jirgin da ke kusa tutar Jamus ce a kansa, na gaba da shi alamar ƙungiyar Hearts of Oak, wadda a garin nan aka kafa ta a 1911. Ɗan rakiyata ya tambaye shi da Ga me ya sa ake wahalar ado ga abin da gishiri zai cinye cikin shekara. Ya amsa bai ɗago ba, aka fassara mini: matar mai jirgi tana tsaye a gaɓa da asuba, daga nesa take so ta gane nasu ne ya dawo.

Kifin dai ya ragu, kowa ya faɗa. Manyan jiragen kamun kifi na kwashe ƙananan tun a can ciki, taru kuma na fitowa da leda da tsummoki. Tsummokin daga Kantamanto suke, babbar kasuwar gwanjon da ake ƙiyasta tana karɓar tufafi miliyan 15 duk mako daga ƙasashen waje, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025. Abin da bai sayu ba yana bin magudana ya faɗa teku, igiyar ruwa ta murɗe shi ya zama wata doguwar igiya ta dawo da shi gaɓa. Na ga hannun riga yana leƙowa daga cikin yashi. An gina sabuwar tashar masunta da tallafin Sin, aka buɗe ta a 2024, gini mai kyau, sai dai kafin a fara ta an rushe rumfuna da ɗakunan mutane da yawa da ke bakin ruwan.

Cikin unguwar kuwa, rayuwa a waje ake yin ta. Ɗakuna sun yi kaɗan, don haka a titi ake girki, a titi ake wanki, a titi ake yi wa yaro wanka, in an yi rasuwa a kafa rumfa a toshe hanya. Mata na naɗe dokunu a ɓawon masara, a ci da soyayyen kifi da yajin shito baƙi. A Bukom na ga yara 'yan shekara goma suna dukan buhun yashi da ke rataye a bishiya. Daga wannan 'yar unguwa da kewayenta Gana ta samu zakarun damben duniya: D.K. Poison a 1975, Azumah Nelson a 1984, Ike Quartey a 1994, kuma fuskokinsu na nan a zane a bango. Bangayen babban titi duk zane ne, ragowar bikin Chale Wote da aka fara a 2011, wanda kowane Agusta yake tara masu zane da makaɗa da 'yan rawa a kan titi. Sunan na nufin "aboki, mu tafi" da harshen Ga, kuma haka suke kiran silifas. Ban zo a lokacinsa ba, abin da na tarar shi ne zanen da iskar gishiri ta fara ɓarewa, wata tsohuwa ta jingina tiren kifinta a jikin fuskar wata sarauniya mai tsayin mutum uku. Zanen ya burge ni ƙwarai. Amma a bayan bangon nan mutane na bin layi su biya kuɗi kafin su shiga banɗaki ko su yi wanka, kuma masu zuwa ɗaukar hoto ba sa zagayawa ta can. A wani lungu akwai shagon hoto na Deo Gratias, wanda J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922, har yau a hannun zuriyarsa yake, da hotunan garin tun yana da jiragen fito maimakon tasha.

Washegari na hau motar Teshie, wadda ke bin gaɓar teku ta gabas ta ratsa La. A La ɗin ne Serge Attukwei Clottey yake yanka jarkokin ruwa rawaya ƙanana-ƙanana, ya ɗinke su da waya su zama wani ƙaton mayafi da ake ratayawa a gidajen nune-nune na duniya. Mutane na kiran jarkokin galan ɗin Kufuor, saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin mulkinsa.

Na yi ta jinkirin zuwa Teshie, don abin da ake zuwa gani a can akwatunan gawa ne. Mu da muka san likkafani fari da makara ɗaya ga sarki da talaka, ba mu saba jin an haɗa mutuwa da ado ba. Na shiga shagon da ɗari-ɗari. Abin da na fara gani kifi ne ja, tsawonsa ya fi ƙafa bakwai, da ɓawonsa ɗaya bayan ɗaya, da ido mai ƙyalli, baki a buɗe. Kusa da shi ga barkono, ga kwalbar lemo, ga kaza da 'ya'yanta a gindinta, ga jirgin sama, ga ƙwallon koko. Wani almajirin kafinta ya ɗaga bayan kifin, sai ga ciki an shimfiɗe shi da farin yadi mai santsi da matashi.

Mutanen Ga na kiran su "abebuu adekai", wato akwatunan karin magana, kuma sunan ya dace. Kowane akwati magana ce a kan wanda zai kwanta ciki. Masunci kifi ko kwale-kwale, manomi koko, malamin makaranta alƙalami, mai ɗinki keken ɗinki, uwar da ta bar 'ya'ya da jikoki da yawa kaza. Zaki da gaggafa na masu sarauta ne, ba kowa ake yi wa ba ko da yana da kuɗi. Labarin da ake bayarwa a nan shi ne, a shekarun 1950 an ƙera wa wani basarake abin ɗauka mai siffar ƙwallon koko, ya rasu kafin ya hau, aka binne shi a ciki. Sannan wani matashin kafinta, Seth Kane Kwei, ya ƙera wa kakarsa akwati mai siffar jirgin sama, domin ta yi ta kallon jirage suna wucewa ba ta taɓa shiga ba. Kane Kwei ya rasu a 1992, zuriyarsa na ci gaba da aikin, wanda ya koya a wurinsa kuma, Paa Joe, ya yi suna har Turai tun bayan da aka nuna irin akwatunan a Faris a 1989.

Na zauna a kan benci na kusan awa biyu ina kallon aiki. Ba zane a takarda, ba ma'auni sai tef da ido. Babban kafintan ya ajiye wata 'yar motar wasan yara a kan teburi, ya juya ta, ya dube ta ta gaba da ta gefe, ya faɗa wa yaransa tsawo. Da guntayen katakon wawa ake tayar da siffar, mai laushi ne mara nauyi, a jera su kamar haƙarƙari, a buga ƙusa, a fere, a cike ramuka, a goge da takardar yashi har sai tafin hannu bai ji gaɓa ba, sannan mai fenti ya karɓa. Aikin makonni ne. Waɗanda za a kai gidajen tarihi na waje da katako mai ƙarfi ake yin su, na binnewa kuwa kwana ɗaya suke yi a idon jama'a, a ɗauke su a kafaɗa a zaga gari, a sa a rami, ƙasa ta rufe.

Abin da suke ƙerawa a ranar trotro ce. Wani tsohon direba ne ya rasu, 'ya'yansa suka kawo hoton motar da ya yi shekaru yana ja, suka ce a yi ta yadda take, da lambarta, da madubinta, da rubutun da ke gilashin baya. Na ga yaron shagon yana fere ɗan madubin gefe da wuƙa, bai fi tafin hannu ba, yana hura ƙurar yana dubawa. Aƙidata ba ta canza ba, ni dai a naɗe ni a yadi biyar ko uku a mayar da ni ƙasa, kuma na ji labarin yadda tsadar jana'iza ke jefa iyalai cikin bashi a ƙasar nan. Amma na fahimci abin da 'ya'yan direban suke so su faɗa. Ubansu bai yi sarauta ba, ba a sa sunansa a titi ba, mota ya ja ya ciyar da su, kuma ba sa jin kunyar a san haka ranar da gari ya taru.

Daga Teshie sai idona ya buɗe ga abin da nake wucewa tun ranar farko ban kula ba. Allon mai aski da kawuna shida a jere, kowanne da irin askinsa. Kwanon fufu da aka zana a bangon gidan abinci har da tururi. Tsofaffin hotunan finafinai da ake zanawa da fenti a bayan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, lokacin da masu bidiyo ke yawo ƙauye-ƙauye da talabijin da janareta, waɗanda yanzu Turawa ke saye da tsada. Injin buga hoto a leda ya karɓe wa masu zanen hannu kasuwa, rubutun jikin mota ma yawanci na mannawa ne yanzu, ba kamar zamanin tsofaffin Bedford masu bodin katako ba. Amma maganar ba ta daina fita ba. Kowace trotro da abin da take faɗa a gilashin baya, da Twi, da Ga, da Turanci, da Ewe. A cunkoson hanyar 37, inda jemagu ke rataye a bishiyoyin asibitin soja kamar 'ya'yan itace, na karanta na motar da ke gabanmu: "Hankuri". Ta gefenta kuma: "Komai Na Allah Ne".

Magariba ta kusa lokacin da muka shigo Kanda. Hasumiyoyin babban masallacin ƙasa, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sun kama hasken yamma. Masu tsire, da ake kira "chichinga" a nan, sun fara hura gawayi, wata Hajiya na kwashe sauran waken ranar a ganye, jajir da karan dafi, tana ɗora taliya da garin rogo da ganda a kai. A wani bango na bakin titin Nima matasan unguwar sun zana Mohammed Kudus, ɗan wasan ƙwallon da ya tashi a lungunan nan, yara kuma na buga tasu ƙwallon a gindinsa ba takalmi.

Yaron motar ya juyo ya dube ni. Tun Teshie da Turanci muke magana, amma ya ga hulata, ya ji na amsa waya.

"Alhaji, ina za ka sauka?"

"Bakin kasuwa, ɗan samari."

Ya buga jikin mota sau biyu. Mutum uku suka fito suka tsaya a titi don in wuce, ya zaro sidi biyu daga tsakanin yatsunsa ya sa mini a hannu, kafin in ce na gode har ya ɗane ƙofa yana kiran Mamobi.